Muryar Da Ta Fito Ta Lasifikar Masallaci

Akwai wani dillalin shanu a Daura, ana ce masa Alhaji Maharazu. Allah Ya ba shi, sai dai girman kai kamar ya kashe shi. Abin da ya fi so a duniya shi ne rediyonsa na oba-oba, wanda yake hira da abokansa na Damagaram da Agadas da shi. Ya kafa wata doguwar eriya a kan soronsa, ta kere duk bishiyoyin unguwar.

Da zarar ya kunna, shi ke nan maƙwabta sun shiga uku. Talabijin ya hau rawa, intanet ta ɗauke, ko waya ka ɗaga sai ƙara.

Katangarsa ɗaya da Malam Hamma, wani tsohon malamin firamare mai sanyin hali. 'Yarsa Haulatu, ungozoma ce, ta dawo gida wankan haihuwar fari. Ana cikin jegon aka kira ta ganawa ta bidiyo kan gurbin ƙaro karatu da ta daɗe tana nema. Ranar farko ana tsakar tambayoyi Alhaji ya kunna abinsa, hoton ya daskare. Da ƙyar masu ganawar suka ba ta dama ta biyu, suka ce ita ce ta ƙarshe.

Fita kuwa babu ita. Kakarta, Iya Kande, ta rantse mai jego ba za ta taka ƙofar gida ba sai ta yi arba'in, ko da karatun na zinare ne.

Malam Hamma ya je ya sami Alhaji a zaure.

"Alhaji, alfarma na zo nema. Ranar Laraba bayan la'asar, ka ɗan kashe mana na'urar nan har yarinya ta gama."

"Wace na'ura? Ku je ku gyara tarkacenku, Malam. Ni za a ɗora wa tsiya?"

Magana ta kai gaban mai unguwa. A gaban dattawa Alhaji Maharazu ya ɗaga hannu ya ce, "Wallahi tallahi ba daga wurina ba ne." Jama'a, mutum ya kama sunan Allah, me za ka ce kuma? Aka watse.

Don tsabar ƙeta ma, washegari ya aika Kano aka kawo masa wani akwatin da ke ƙara wa rediyon ƙarfi. Abin nan ya ba ni haushi ƙwarai.

Laraba ta zo. Haulatu ta shayar da jaririnta, ta miƙa wa Iya, ta zauna gaban kwamfuta. An gaisa, an yi tambaya ta farko, ta buɗe baki ke nan sai hoton ya tsaya cak.

"Innalillahi! Iya, ya kunna!" Sai hawaye.

A daidai lokacin maza na zaune a masallacin unguwa bayan sallah, Liman zai fara karatu, lasifika a kunne. Malam Hamma na cikinsu, yana jan carbi, hankalinsa na gida. Sai lasifikar ta yi ƙara, wata murya ta fito raɗau, har kan titi ana ji.

"Damagaram, kana ji na? Ai yau na ƙure ta, na sa sabon akwatin."

Aka kalli juna. Wa bai san muryar Alhaji ba? Ashe ƙarfin da ya ƙara ne ya kutsa har cikin injin lasifikar masallaci. Abokin ba a jin sa, shi kaɗai ake ji.

"Na sani sarai nawa ne ke kashe musu kaya! Rantsuwa? To na yi, sai me? Yanzu haka 'yar malamin nan tana can tana kuka." Ya sheƙe da dariya.

Ladan ya miƙa hannu zai kashe. Samari kuwa tuni sun zabura, wani har ya ɗauko tsani, wai yau sai eriyar nan ta sauko.

Malam Hamma ya riga su isa ƙofar gidan Alhaji, ya tare ta da jikinsa.

"Kada wanda ya taɓa masa kaya. Ni aka cuta, ku bar ni da shi."

Ya yi sallama ya shiga, ya tarar da shi riƙe da abin magana, bakinsa bai gama rufuwa daga dariya ba.

"Alhaji, duk unguwa ta ji ka. Daga masallaci."

Alhaji ya leƙa taga, ya ga jama'a har da Liman da mai unguwa. Da hannunsa ya zare wayar wutar. Can gidan Malam Hamma hoto ya dawo, masu ganawar ba su tashi ba. Haulatu ta share ido da bakin mayafi ta ci gaba, kuma ta samu gurbin.

Shi kuwa Alhaji, mutumin da ke gaisawa da Agadas, ya wayi gari ba mai amsa masa sallama a layinsu. Kunya ta hana shi zuwa jam'i. Da abin ya yi tsawo, wata azahar aka buga masa ƙofa. Ya buɗe, sai ga Malam Hamma.

"Alhaji, an tayar da sallah. Zo mu je, ka tsaya kusa da ni."

Alhaji ya fashe da kuka a bakin ƙofarsa.

Darasi: Kada jin daɗinka ya zama kukan maƙwabcinka, kuma kada ka yi wasa da rantsuwa, domin Allah na iya tona ka da abin da kake taƙama da shi. In kai aka cuta, yi haƙuri irin na Malam Hamma. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta, wataƙila wani ya gyara.