Mai Kaset da Akwatin Baba Abednego

A'a, Yemima, zauna tukuna. Kin ce ɗanki bai saci akuyar kowa ba, labari kawai yake sayarwa a kaset, in ya ƙara ɗan gishiri ina laifi. To, na ji. Ya 'yan uwana matan zumunta, ku matso ku ji wannan.

An yi wani mutum nan Kafanchan, kusa da tashar jirgi, yana da rediyo mai ɗaukar magana. Ya lura 'ya'yanmu da ke aikin soja da na reluwe a Legas da Kaduna suna ƙishin labarin gida. Sai ya riƙa zama yana zuba labari a kaset: wa ta haihu, wa ya yi aure, nawa buhun citta. Ya kwafa da yawa, ya ba masu jirgi su kai. Mai son ji ya biya kuɗin wata, wanda bai biya ba ya ji a bakin maƙwabci. Sana'a ce mai kyau. Har ya yi tumbi, ya rufa wa shagonsa kwano.

Amma gari ba kullum yake haihuwar labari ba. Wani watan babu wanda ya yi faɗa, babu wanda ya gudu da matar wani. Masu biya suka aiko cewa kaset ya yi sanyi. Ya ga in sun daina biya, rediyon nan ba zai ba shi tuwo ba. To me Shaiɗan yake jira?

Ranar nan ya je wajen Nok, ya ga gidan Baba Abednego, wani tsoho mai jikoki a kowace bariki, an rufe da kwaɗo, ciyawa ta fito a ƙofa. Da ya yi tambaya ɗaya da ta cece shi, amma bai yi ba. Ashe tsohon yana Jere wurin 'yarsa Afiniki, ana gasa masa ƙafa. Mutumin ya dawo ya danna jan maɓalli, ya sa murya mai rawa, ya ce Baba ya tafi hutawa wurin Ubangiji. Har da jan majina. Kaset ɗin ya sayu kamar ƙosai mai zafi.

Kun san mu da jana'iza. Jikoki suka karɓi hutu, suka ɗinka anko, suka ɗauko mawaƙan coci da masu ganga, suka sa kafinta ya ƙera akwati mai sheƙi. Mota bayan mota, da kuka tun daga bakin hanya. Suna shiga suka tarar da mamacin ya dawo, yana zaune yana shanya citta.

Mata suka watse, wani soja ya haura katanga. Baba ya duba akwatin, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce, “Ni aka ƙera wa wannan? Kai, ya yi mini gajere. Amma tunda an zo, kada kowa ya tafi. A yi waƙar, ina so in ji da kunnena.”

Aka kirawo mai kaset gaban dattawa. Ya ce kuskure ne. Suka ce ba komai, ai akwai al'ada: wanda ya aika kiran mutuwa, shi ke ciyar da masu makoki har su tashi. Kuma kun taɓa ganin masu makokin da ba su da baƙin ciki? Ciki a buɗe yake! Suka ci awakinsa. Suka ci dawarsa. Ya sayar da kwanon shago, suka sha kunu da shi. Daga ƙarshe rediyon ma ya tafi, a nama. Baba kuwa yana tsakiya, yana cewa a ƙara masa romo.

Da za su koma, suka ce shi ya jawo akwati, nasa ne. Suka sauke masa a ƙofar shago. Kafinta ya ƙi karɓa. Wa zai shiga shagon da akwatin gawa ke gadi? Ko mai neman canji, ta can ƙetare yake bi.

Ya 'yan uwa, sayar da labari ba zunubi ba ne. Amma wanda ya karɓi kuɗin mutane don ya gaya musu abin da ya faru, ya gaya musu abin da bai faru ba, ɓarawo ne, ko da bai haura katangar kowa ba. Ubangiji ya kiyaye mu da bakinmu, ya kiyaye 'ya'yanmu da abincin ƙarya. Ku ce amin.

Ke kuma Yemima, ban ce ɗanki ya bar sana'a ba. Ki dai je ki duba ɗakinsa, ki ga ko akwai wurin ajiye akwati.