Gafakar Nomau Baduku

To, ku matso kusa. Kai mai rediyon nan, kashe ta, wannan magana ba a jin ta da rabin kunne. Idan na gama ku za ku yanke hukunci, ni ba ruwana.

A Tasawa an yi wata tsohuwa, Inna Tasalla. Tana cikin uwarta aka ɗebi ubanta, Nomau baduku, aikin sojan Faransa lokacin babban yaƙin Turawa, bai sake dawowa ba. Waɗanda suka dawo suka ce kama shi aka yi. Amma kun san bakin mutane. Sai aka shiga raɗa wai Baturiya ya samu, ya yar da salla, ya manta gida. Shekara tamanin da 'yan kai Tasalla tana shan wannan gori, ko cacar baki aka yi a bakin rijiya sai an ce mata 'yar wanda ya tsere. Abu ɗaya ya bar mata, gafakar Alƙur'ani da ya ɗinka da hannunsa.

'Ya'yanta uku. Babban shi ne Laminu, wanda ya gaji dukanci, mutumin da ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa gindin kofin. A ransa ma ya daɗe da yarda cewa kakan nasu tserewa ya yi, bai dai taɓa furtawa ba. Sai Balaraba, mai aikin jinya a Turai. Sai auta Tanimu, direba, mai zuciya a kusa.

Balaraba ce ta shekara shida tana bin ofisoshi da wasiƙu, tana bin diddigin maganar wani tsohon soja da ya ce Nomau ya gudu daga hannun abokan gaba, suka sake kama shi, suka kai shi wani sansani inda ake fasa dutse. Har ta gano wurin. Da aka gayyaci Laminu baje kolin kayan fata a ƙasar, Tanimu ya raka shi ɗaukar kaya, sai Inna, wadda ciwo ya riga ya kwantar, ta kira su.

"Idan a can ya mutu, ku kawo mini ƙasar wurin, ko cikin cokali ce, a sa mini a kabarina. Idan kuma gaskiyar mutane ce, kada ku ɓoye mini."

Balaraba ta tarbe su a can, da hantsi su uku suka isa sansanin, ana yayyafi. Waya mai ƙaya ta kewaye fili, ga hasumiyoyin masu gadi, ga dogayen ɗakuna da gadajen katako hawa uku, can ƙarshe kuma wani ɗaki mai dogon bututun hayaƙi. Wurin tsit, ko tari mutum ya yi sai ya ji kunya. Laminu bai yarda da kowa ba. Baƙin da ke satar kallonsu bai yarda da su ba. Balaraba ma, da ya ga mai jagora ya yi dogon bayani ita ta fassara a taƙaice, sai ya ce a ransa akwai abin da take rufewa.

Mai kula da takardun wurin wata tsohuwar Baturiya ce mai furfura. Ta dube su sama da ƙasa, ta ce baƙaƙen fata kaɗan ne aka kawo nan, kuma lamba aka rubuta musu a madadin suna, don haka ba ta iya cewa ga nasu.

"Ba ga shi ba," in ji Laminu. "Shekara shida kina wahalar banza."

Suna hanyar fita suka bi ta ɗakin da aka jera kayan fursunoni cikin gilashi: cokula, takalman katako, wani tsefe. Sai Laminu ya tsaya cak. Wata 'yar laya ce, an yi ta da harshen tsohon takalmi. Ya kafa ido ya ƙirga ɗinkin: shida a jere, na bakwai ya koma baya ya ƙulle. Kai! A duk dukawan Tasawa gidansu kaɗai ke wannan ɗinki, ƙanen Nomau ne ya koya wa Laminu shi da rankwashi. Ya zaro jakar aljihunsa ya ɗora kan gilashin. Tsohuwar ta ɗaure fuska, ta zaci wata dabara ce ta karɓe kayan. Amma ta sa tabarau ta ƙirga wannan, ta ƙirga wancan, sau biyu. Ta tafi ta dawo da kati mai lambar da ke maƙale a layar. Mai lambar ya mutu a ramin fasa dutse cikin tsananin sanyi, an ƙone gawarsa, an zuba tokar a filin baya.

Laminu ya zauna daɓas a ƙasa yana kuka. Mutumin da ake cewa ya yar da salla, ashe a bakin mutuwa laya yake ɗinkawa. Kunya ta kama shi, domin shi ma yana cikin masu zargin.

Da ya ɗago, babu Tanimu. Kafin ya miƙe sai ga masu gadi biyu sun riƙo Tanimu, hannunsa ɗauke da farin hankici ƙulle da ƙasa. Akwai allon da ya hana ɗaukar ko tsakuwa, amma Tanimu ina ya iya harshensu? Su kuma sun sha kama masu satar kayan wurin su sayar, har ana maganar kiran 'yan sanda.

"Ka kashe mu, Tanimu!" in ji Laminu. "Yanzu katin ma sai su hana mu."

Balaraba ta raɗa wa Tanimu: "Bari in ce musu wani abu ka yar kake nema."

"A'a Yaya, a kan kabari ba na ƙarya. Faɗa musu saƙon Inna."

Ta faɗa. Tsohuwar ta ce: "Wannan ƙasa ba kakanku ne kaɗai a cikinta ba. Mutum dubu nawa ne, har da jarirai. Abin da ke hannunka, 'ya'yan wasu ne."

Tanimu ya roƙa a bar shi ya mayar da ƙasar da hannunsa. Ya durƙusa ya zazzage ta inda ya ɗebo, ya shafe da tafin hannu kamar yadda ake gyara sabon kabari, ya yi wa Nomau addu'a, ya nemi gafarar maƙwabtansa na kwanciya. Amma ƙasar jiƙaƙƙiya ce, ta riga ta rina hankicin. Mai gadi ya miƙa hannu zai karɓa, tsohuwar ta riga shi. Ta ninke shi huɗu, ta tura a aljihun Tanimu, ta kau da kai.

Da suka dawo Tasawa idon Inna ya riga ya tafi, ba ta ganin takarda balle hoton laya. Liman ya sa aka karanta katin a ƙofar gida, gaban jikokin masu gorin, kowa ya sunkuyar da kai. Laminu ya kama yatsanta ya bi da shi kan gafakar, shida, na bakwai ƙulli. Ta ce: "Na ji. Ina ƙasar?" Tanimu ya sa mata hankicin a hannu. Ta shinshina, ta ɗora a ƙirji, ta ce: "Baba, ashe ba guduwa ka yi ba."

Kwana uku ta cika, aka sa mata hankicin a kabari. Wasiyyarta ɗaya ce: "Gafakar nan, a ba wanda ya dawo mini da ubana." Ba ta kama suna ba.

Balaraba ta ce ba don shekara shidanta ba, da ko ƙofar sansanin ba wanda ya sani, kuma da bakinta aka yi kowace magana a can.

Laminu ya ce sun riga sun juyo hannu wofi, idonsa ne ya fitar da Nomau daga cikin lambobi. Har yau ma yana zargin Balaraba ta taƙaita masa wasu maganganun, Tanimu kuwa saura ƙiris ya ɓata komai.

Tanimu ya ce shi bai iya dogon zance ba. Inna ƙasa ta aike su, kuma abin da ya kawo shi kaɗai ta iya riƙewa, shi ne kuma ke kwance tare da ita.

Gafakar tana nan rataye a ɗakin Inna, ba wanda ya yarda ɗan'uwansa ya taɓa. To jama'a, a cikin ukun nan, wane ne ya dawo wa Tasalla da ubanta?