Zanen da Barewa Ba Ta Taɓa Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a!

Ta zo mu saurara.

Barewa ce da uwarta makauniya, wadda sanyi ke damu. Barewa ta je wurin Hawainiya mai sayar da zannuwa, ta ga wani zane yana ƙyalli, ta miƙa hannu.

Hawainiya ta ce, "Ba a taɓawa, ƙawata. Ido bai ishe ki ba?"

Barewa ta saya a ƙunshe, ta kai wa uwar, uwar ta lulluɓa. "Inna, da kin ga kyansa!"

Tsohuwa ta shafa, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Wata uku tana cikinsa, ta rasu. Da kewa ta ishi Barewa, ta yafa zanen. Ashe kaushi gare shi kamar ƙarangiya! Ta fashe da kuka: "Inna, me ya hana ki faɗa mini?"

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu.