Ranar da Lawwali Ya Sare Tsamiyar Dukawa

Lawwali ɗan gidan dukawa ne a birnin Sakkwato. Yana da wayo da zafin nema, amma yana da ciwo guda: raina abin gida. Sau biyu kacal ya je Dubai saro kaya, ya dawo komai na garinsu ya zame masa ƙauyanci.

Mahaifinsa ya bar masa fili a bakin hanya. A tsakiyar filin akwai wata tsohuwar tsamiya, a ƙarƙashinta dukawa goma sha biyu suke aiki, babbansu Baba Audi, ƙanen mahaifin nasa. Baƙin da suka zo ziyara birni ba sa komawa sai sun biyo nan. Baƙo zai zauna kan tabarma, a ɗebo masa ruwan randa, ya ɗora ƙafarsa kan jar fata, Baba Audi ya zana ta da gawayi. Yana zaune ana hira za a yanka, a ɗinka, ya tashi da takalmi daidai ƙafarsa. Wani gafaka yake so, wani alabe.

Gari ya yi ta faɗi, unguwanni na tsirowa, motocin baƙi na ƙaruwa. Sai Lawwali ya zo da takardar zane.

"Baba, shaguna ashirin za ni ginawa, duk gilashi. Wurin tsamiyar ga kuma, motoci za su tsaya."

Baba Audi ya ajiye basilla. "Tsamiyar? Lawwali, lahiyarka ƙalau? To mu ina za mu zamna mu yi aiki?"

"Ku yi can gida, ku kawo a jera. Baƙo na zamani ba shi son warin hwata da tarkace."

"Wane baƙo yag gaya maka? Ka taɓa tambayar ko guda?"

"Baba, ni na ga duniya."

"Awo, ka gan ta. Garinku ne ba ka gani ba."

Ko a jikinsa. Ranar wata Laraba ya kawo masu injin yanka. Itacen da ya girmi kakansa, kafin azahar yana kwance a ƙasa! Mutane suka tsaya riƙe da baki, masu salati na yi. Baba Audi ya miƙe. Ya naɗe tabarmarsa, ya sa aka ɗora randa a keke mai ƙafa uku, sauran dukawa suka bi bayansa.

Gini ya tashi, kuma a gaskiya ya yi kyau, sai sheƙi. To amma wane mai hankali ne zai fuskantar da gilashi yamma a Sakkwato, ba rumfa, ba ko dogonyaro guda? Da bazara ta kama, in wuta ta ɗauke, shagunan nan tanderu ne. Masu haya suka fara sulalewa. Lawwali ya ce hassada ce.

Duk burinsa ya koma kan rana guda. Junaid, mai yi wa baƙi jagora, ya yi alkawarin kawo masa bas cike da manyan baƙi daga Abuja. In suka yaba, sunan wurin ya tafi, masu haya su dawo. Lawwali ya sayo kayan fata a kasuwa, ya jera bayan gilashi mako biyu kafin ranar.

Bas ta iso bayan la'asar. Lawwali ya tare su cikin babbar riga, bakin nan har kunne. Wata hajiya ta ɗauki jaka ta lanƙwasa murfin. Ɓaras! Fatar ta dare a hannunta. Rana ta gasa ta ta cikin gilashi har ta bushe kamar ƙanzo. Lawwali ya fizgo wata, ita ma haka. Takalma, haka.

"Malam, ba ma wannan ba," in ji hajiyar. "Ina tsohon da ke zana ƙafa? Shekara tara da takalmin da ya yi wa maigidana, har yau yana sawa. Shi muka zo gani."

Junaid ya sosa ƙeya. "Hajiya, na san inda sunka koma."

Ko minti goma ba su yi ba suka koma mota. Lawwali ya hau babur ya bi su har unguwar Gidan Igwai. Yana isa ya ja birki. Gindin dogonyaro uku, bayan masu tuwo, ga tabarmi, ga randa, ga Baba Audi da gawayi a hannu. Mutane cike, har layi! Baƙin nasa masu tsadaddun kaya suka tuɓe takalma suka zauna a ƙasa, suna dariya, suna ɗaukar hoto.

Lawwali ya durƙusa gaban Baba Audi. "Baba, na tuba. Ku dawo. Shagon da kuka so, ku ɗauka."

Baba Audi bai ɗaga kai daga ƙafar da yake zanawa ba. "Ba mu ƙi ba, ɗana. Je ka tsayar da tsamiyar inda kas same ta, gobe da sahe muna nan."

Lawwali ya miƙe, ya kama hanyar gida.

Darasin a fili yake. Ba laifi ba ne gari ya girma, ko a gina sabbin shaguna. Amma kafin ka rushe wani abu don baƙi, tambayi abin da ke kawo baƙin, ka saurari waɗanda suka daɗe suna tarbarsu, ka kuma dubi ranar garinku. Gini wata shida ya ishe shi. Inuwa da amanar mutane kuwa, wanda ya sare su da girman kai ba zai ga dawowarsu da idonsa ba.