Shuɗin Hannun Nomau Marini

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Nomau ake ce masa. Marini ne. Hannunsa shuɗi ne har gwiwar hannu, ba sabulun da ke fitar da shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekarar da aka fara tseren keke na ƙasarsu, kwana shida aka sa, kullum zango ɗaya, daga wannan gari zuwa wancan. Ana tara lokacin kowa, wanda nasa ya fi kaɗan a ƙarshe shi zai ɗauki sabon keke. 'Yan birni suka zo da matsattsen wando da tabarau, wani har da safar hannu, ana tsakiyar bazara. Nomau ya zo da kekensa na kai rini kasuwa, wanda birkinsa diddige ne. Ba suna yake nema ba, jama'a. Keke yake nema.

Alƙalin gasar kuwa ana ce masa Kwamanda Bawa. Bai taɓa soja ba, bai taɓa hawa keke ba, amma agogo biyu yake ɗaurawa. Shi ya kafa doka: a tsakiyar kowane zango akwai ƙauyen da dole a ratsa, a can ake dangwala wa kowa shuɗiyar tawada a bayan hannu, shaidar ya bi hanya.

Kwana huɗu Nomau yana na uku. Rana ta biyar aka bi ta yankinsu. To, ku saurara. Da ya iso wata mararraba, ƙafa ta yi abin da ta saba. Shekara ashirin yana bin hagu zuwa kasuwa, sai ya bi hagu. Hanyar gasa kuwa dama ce, ta ƙauyen tawada, ƙarin mil bakwai.

Ya iso ƙarshen zango shi kaɗai. Kwamanda ya duba agogon dama, ya duba na hagu, ya duba hannun Nomau.

"Shuɗi. Ya wuce!"

Aka ɗauki tafi. Da wannan rata, gobe ko tura keken ya yi, ya ci. A nan ne Nomau ya tuna yau bai ga ƙauyen ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan shuɗin baba ne na marina, ba tawada ba. Hagu na bi."

Kwamanda ya ce, "Kai, na riga na rubuta. Ni fa kwas na yi a kan wannan aiki."

Ƙanin matarsa, Tanko, ya ja masa riga. "Yaya, rufe baki mana! Wa ya gani?"

Nomau ya ce, "Tanko, in na karɓi keken nan, kullum ta mararrabar nan zan bi da shi."

Ya juya. Ya koma mararraba, ya bi dama. Mai tawada ya juya hannunsa gaba da baya, ya rasa inda zai sa, ya dangwala masa a goshi. Bayan la'asar ya iso, na ƙarshe.

Kuna jira in ce wani attajiri ya ji labari ya aiko masa da keke? Ba wanda ya aiko. Shekara tara ya ƙara yana taka birki da diddige. Da shekara ta zagayo aka mayar da tawadar ja, Kwamanda ya sanar cewa shi ya gano haka bayan dogon bincike.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne: gaskiya ba ita ce kawai ka ƙi yin ƙarya ba. Har da ka gyara wa mutane in sun yi kuskuren da ya yi maka daɗi. Kowa a nan yana da shuɗinsa. Wata an kira ta Malama saboda tabarau, ba ta musa ba. Wani maroƙi ya kira shi Dakta a gidan biki, yanzu har a kati ya buga. An yaba miki miyar da maƙwabciya ta dafa, kin ce, "Ai ba komai."

Ranar da za a tsaya gaban Allah, ba hannu za a duba ba. Hanya za a tambaya: hagu ka bi, ko dama?