Ranar da Ciyaman Ya Sauko Wurin Yankan Sabulu

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Sabulu. Da durom guda ya fara haɗa sabulu a bayan gidansa, shi yana juyawa da katako, marigayiya matarsa tana zubawa a tire. In ya daskare su yanka da zare, ya ɗora a keke ya bi kantuna.

Allah Ya sa wa abin albarka. Durom ya zama masana'anta, ga injuna, ga motoci, ga ma'aikata birjik, har wasu suka zo suka zuba jari. Da gwiwarsa ta fara ciwo, daraktoci suka zauna suka ce Baba ya zama ciyaman. 'Yarsa ta ƙarshe, wadda yake kira Auta, aka naɗa ta manajan darakta, don ta yi karatun abin, kuma a cikin kumfa ta tashi.

Aka yi masa bayani dalla-dalla. Ciyaman shi ke jagorantar taron daraktoci, su duba inda kamfani ya dosa, su titsiye manaja da tambaya, in ta gaza su sauke ta. Amma aikin yau da gobe, wa zai yi me, yaya za a yi, wannan na manaja ne. Baba ya gyaɗa kai. To, kan ne kawai ya gyaɗa, jama'a.

Aka ba shi ofis a saman bene, ga kafet, ga sanyi, ga shiru kamar asibiti. Sai ya zauna yana jiyo rurin inji daga ƙasa, kewa ta ishe shi. Yana tuna lokacin da ya san sunan ɗan kowane lebura, ana gumi tare, ana cin abinci a kwano ɗaya, ana tsokanar juna. Wallahi abin da tausayi. Shi ya sa kullum sai ya lallaɓo ya sauko, wai gaisawa kawai zai yi.

Wata safiya ya ɗauki sandar sabulu ya auna a tafinsa, ya dubi Dogo, tsohon mai yanka da suke tare tun zamanin keke.

"Kai Dogo, wannan sabulu ne ko biskit?"

"Ranka ya daɗe, Manaja ce ta ce a rage kauri."

"Manajar da na yi wa wanka da sabulun nan? Ƙara kauri, yadda muke yi da!"

Dogo ya washe baki ya juya ƙarfen da ke saita kauri a jikin inji. Ashe wani otal ne ya yi odar ƙanana, har an buga kwalaye daidai su. Aka wuni ana yanka, aka zo zubawa, sabulu ya ƙi shiga kwali. Motar otal ta juya ba kaya.

Kuma ba ranar aka fara ba. Direbobi da mai sito duk sun koyi cewa, "Bari mu ji daga sama tukuna."

Washegari Auta ta hau bene. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta miƙe ta ajiye makullai a kan tebur.

"Baba, in aikina bai yi ba, ka kira daraktoci ku sauke ni, haƙƙinku ne. Amma in na ce fari ka sauko ka ce baƙi, to ba manaja kuka naɗa ba, hoto kuka kafa. Na gaji."

"Auta! Ni za ki koya wa sabulu?"

"Wane ni, Baba. Ni dai ka bar ni in yi aikin da kuka ba ni, ko in tafi."

Ta fita. Baba ya miƙe a fusace ya tsaya bakin taga. Inji a kashe, ma'aikata cirko-cirko a fili. Ga Auta tana ratsa su da jakarta, amma ba wanda ya dube ta. Duk sun ɗaga kai suna kallon tagarsa. Shi suke jira ya ba da umarni. Ya gane shi da kansa ya zubar wa 'yarsa da ƙima, kuma in ta fita ƙofar nan ba za ta dawo ba.

Ya kwashi makullan ya sauko yana dafa bango. Dogo ya tarbe shi da murna.

"Yawwa Baba! Yau mai kauri ko siriri?"

Amsar tana bakinsa, hannunsa ma ya san ta. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Ni ciyaman ne, Dogo. Ka tambayi Manaja."

Ya ƙwala mata kira, ta tsaya a bakin get. A gaban kowa ya miƙa mata makullan da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, ga aikinki. Amma ranar taron daraktoci ki zo da shirinki. Sai kin gaya mana dalilin mayar da sabuluna biskit, ba sani ba sabo."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Zan zo, ranka ya daɗe."

Ta juya ta ba da umarni, inji ya tashi, kowa ya ruga wurin aikinsa. Baba ya kama hanyar bene a hankali. A tsakiyar matakala ya waiwayo, ya ga ba mai kallonsa ko mutum ɗaya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya share ido da bakin hannun riga, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Darasi: Ciyaman na sa ido ne ya yi tambaya, manaja ke tafiyar da aiki ya ba da amsa. In ka damƙa wa wani ragama, a kamfani ne ko a gida, ka daure ka cire hannunka, ko da zuciya na kewa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman iyayenmu masu dukiya da magadansu.