Shuwakar Gonar Tabawa

An yi wani sarki mai suna Jatau, wanda yake son a kira shi adali fiye da yadda yake son adalcin kansa. A zamaninsa aka yi fari mai tsanani, rijiyoyi suka ƙafe, ciyawa ta ƙone, har awaki suka koma cin ɓawon itace.

A bayan gari akwai wata mata, Tabawa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona a bakin fadama, da 'ya guda mai suna Lantana. Tun yana raye ya kewaye gonar da shuwaka, domin ita reshe kawai ake sarowa a kafa a ƙasa, in ta kama kuwa ta kama ke nan, rani ya zo ya wuce tana tsaye. Da ganyenta suke miya, da shi suke maganin ciwon ciki, masu jego kuma suna aikowa a tsinko musu.

Maƙwabcinta a gona shi ne Sarkin Fada, kawun sarki. Ganin fadamar ce kaɗai ke da sauran danshi, sai ya sa barorinsa suka sare shuwakar daidai da ƙasa, suka rufe kututturen da yashi, ya haɗe gonar da tasa.

Tabawa ta kai ƙara fada, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da shaida sai shuwaka, ita ma an sare ta. In gonar nan ta tafi, ban san abin da za mu sa a baki ba."

Sarkin Fada ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yunwa ce ke sa tsohuwa ganin abin da babu."

Sarki ya dubi wazirinsa Mudi, ya ce, "Waziri, ga da'awa ba hujja, ga musu ba shaida. Ina mafita?"

Waziri masani ne, ya san kututturen shuwaka ba ya mutuwa don an sare kansa, ya kuma san in aka tone yashin a ranar, kafin la'asar shari'a ta ƙare. Amma da ya ɗaga ido suka haɗa da Sarkin Fada, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, shaidar tana kwance a ƙasa, ruwan farko ne zai tashe ta. A jira shi, kafin nan kada ɗayansu ya taka gonar."

Fada ta ɗauka da sambarka. Ni kam nan ne abin yake ci mini rai. Hikima ce, ban musa ba, amma hikimar matsoraci, mai son a ce ruwan sama ne ya ƙaryata kawun sarki, ba shi ba. Sarkin Fada ya koma gida ga rumbunansa, Tabawa ta koma ga tukunyar da ba komai a ciki. Ruwa kuwa ya yi jinkiri, kamar yadda ya saba a irin wannan shekara.

Da damina ta sauka, sai ga tohon shuwaka ya fito a jere, kore shar, ya zana iyakar gonar yadda makaho ma zai laluba ya gane. Sarki ya je ya gani, ya yi wa kawunsa ɗan faɗa a hankali, ya yafa wa Waziri alkyabba, ya ƙara masa da doki. Sa'an nan ya ce a kira Tabawa ta karɓi gonarta.

Lantana ce ta fito, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, inna ta rasu tun kafin hadari ya fara haɗuwa. Ta bar mini saƙo, ta ce in gaishe da Waziri, in tambaye shi ko fartanya ce ta yi wuyar samu a fada."

Waziri dai bai cire alkyabbar ba.

Ku da kuke yanke hukunci ku sani, duk adalcin da aka jinkirta don gudun ɓacin ran manya, da ran mai haƙƙi ake jiransa.